Hinde, Rufe Ni

Duk wanda ya kalli majigi a ƙasar Tambuwal a shekarun farko na mulkin kai, ya san muryar Ɗanmaliki kafin ya san fuskarsa. Sunansa na yanka Abdulhamidu, amma in ba a ofis ba, ba mai kiransa haka. Aikinsa ɗaya ne. In motar majigi ta tsaya a fili, aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, Sambo direba ya tada inji, shi kuma sai ya riƙe makirfo ya riƙa gaya wa jama'a da Hausa abin da mutanen cikin hoton ke faɗi. Turancin nasa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ji ya faɗa, abin da bai ji ba ya ƙaga, kuma wanda ya ƙaga ɗin ya fi daɗi. Babbar dabararsa ita ce raɗa wa mutanen fim sunayen 'yan gari. Bature mai tumbi sai ya zama wani mahauci na Sanyinna, mai ɗan tsinin gemu ya zama wani dillalin Dogon Daji. Jama'a su yi ta faɗuwa don dariya, wanda aka ambata kuwa ya wuni yana cika baki a kasuwa cewa an sa shi a majigi. Ɗanmaliki kan ce fim gayan tuwo ne, bakinsa ne miyar. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, kuma abin da ya lalata shi ke nan.

Yana da taubashi a garin, Kofur Bube, ɗan yayan mahaifiyarsa. Bube ya girme shi nesa ba kusa ba, amma taubasantaka ba ruwanta da girma. In sun haɗu kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa, a zagi juna tas, a tsinke da dariya, wanda ya yi fushi kuwa shi ne ya ji kunya a idon dangi. Bube ya je yaƙin Bama yana saurayi, ya dawo da lambobi biyu, da bargon soja, da tafiya a miƙe kamar ya haɗiyi taɓarya. Noma yake yi kamar kowa. Abin da ya raba shi da kowa fareti ne. Kowace shekara in bikin ranar 'yancin kai ya matso, shi ke zuwa filin makarantar firamare da la'asar ya koya wa yara lef-rai, ranar bikin kuma shi ke gabansu, cikin kakin da matarsa Hinde ta wanke ta goge. A ranar ko manyan gari sai sun miƙe in ya zo wucewa. Wannan yinin guda shi ne nasa a shekara, sauran kwanakin jiransa kawai yake yi.

A daminar shekara ta uku da samun mulkin kai, motar majigi ta iso daga Sakkwato da sabon kaya: fim ɗin yaƙi, na soja a dajin Bama. Da hantsi ana zaune a rumfar mai shayi kusa da tasha, gardama ta tashi a kansa tun ba a gan shi ba. Hedimasta, Malam Abdulkarimu, bai daɗe da dawowa daga kwas a Kaduna ba, kuma tun da ya dawo ba ya buɗe baki sai talabijin ta faɗo.

"Ku dai an bar ku baya," in ji shi. "Abin da nig gani Kaduna, ɗan akwati na cikin falo, kowane mako mutane guda ka dawowa su yi wasan ban dariya. Ka san su, ka san halinsu, tun ba su buɗe baki ba ka fara dariya. Wanga shi a ci gaba. Fim ɗin yaƙi mi za shi ƙara muna? Mutane na mutuwa, kai kana ɓarar gyaɗa."

Sambo direba ya ajiye kofinsa da ƙarfi. Shi mutum ne da in ba a harbi kowa a fim ba yake ganin an ɓata mai. "Haba Malam! Wasan ban dariya ai na mata da ƙanana na. Fim ɗin yaƙi shi ka nuna ma maza. Ga Kofur nan zaune, a tambaye shi."

Bube yana gefe yana hura shayinsa. Ya ɗago kai ya ce, "Ni ban san wanga na ƙyalle ba. Abin da babu wari ai ba yaƙi ba na."

Ɗanmaliki ya cafke. "Warin mi, bawana? Warin wandonka ranar da kat tsere?"

Aka kwashe da dariya. Bube ma ya dara, ya ce wanda ko zakaran gidansu ba ya iya kamawa ba shi da bakin zancen wando. Haka suka saba, ba wanda ya ɗauke ta wata magana.

Da aka idar da sallar isha fili ya cika. Aka fara da fim na takin zamani, aka yi na wanke hannu kafin cin abinci, sannan wani ɗan gajere na wani mutum da jakinsa ya cinye masa malafa, wanda Ɗanmaliki ya juya shi son ransa har mutane suna riƙe ciki. Sai aka sa na yaƙin.

Fim ɗin ba shi da wasa ko kaɗan. Ruwan sama, laka, mutane na jan alfadarai cikin daji, sai harbi. Sambo ya rage muryar Turawan kamar kullum, amma in an zo ƙarar igwa sai ya saki, don ita yake so. Ɗanmaliki ya yi iya yinsa. Ya raɗa wa alfadari suna, ya sa kwamanda ya roƙi goro, dariyar dai ta ƙi kamawa. Aka zo wani wuri da harsashin igwa ya faɗo kusa da wani baƙin soja. Sojan ya saki bindiga, ya faɗa rami, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ƙafafunsa na karkarwa, bakinsa a buɗe ba magana. Hoton ya tsaya a kansa ya ƙi gusawa. Fili ya yi tsit. Wani jariri ya tsala kuka, mata suka fara naɗe tabarmi. Ba abin da Ɗanmaliki ya tsana a duniya kamar ya ga ƙeyar mutane alhali makirfo na hannunsa. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan Bube a sahun gaba, a kan 'yar kujerarsa, har da lambobinsa a ƙirji.

"A'aha! Jama'a ku dawo ku gani! Ga bawana Bube can Bama! Ga yaƙin da yac ci ma lambobi!" Sai ya matse murya kamar ta ɗan akuya: "Wayyo! Hinde, rufe ni! Hinde, rufe ni!"

Dariyar da aka yi ranar, Ɗanmaliki bai taɓa samun irinta ba. Masu naɗe tabarmi suka shimfiɗa su. Samari suka riƙa maimaitawa suna dukan cinya. A hasken ƙyallen Ɗanmaliki ya hango haƙoran Bube a waje, ya ce a ransa ga shi nan ma yana dariya. Da aka gama ya nemi Bube ya ji irin zagin da zai rama da shi, sai aka ce ya tafi tun fim bai ƙare ba. Hadari na haɗuwa a gabas, sai ya ɗauka ruwa Bube ya guje wa.

Kafin mako ya zagayo, maganar ta fi ƙarfin mai ita. Jaki ya zame da kaya a kasuwa, sai ka ji "Hinde, rufe ni!" Mace ta saki guga a rijiya, sauran su ce "Hinde, rufe ni!" Wannan duk da sauƙi. A filin makaranta ne abin ya yi muni. Bube ya tsaya gaban layi ya daka tsawa, "Tanshan!" sai wata siririyar murya daga baya ta amsa da kiran Hinde, layin gaba ɗaya ya wargaje, yaran da a da ko ƙifta ido ba sa yi a gabansa suna birgima a ƙasa. Bube ya tsaya a miƙe ya jira su gama, ya sake. Ɗanmaliki ya ji labarin a rumfar mai shayi, kuma gaskiya sai a faɗe ta, daɗi ya ji. Wane mai makirfo ne ba ya son maganarsa ta zaga gari?

Ranar Laraba da azahar Hinde ta aika a kira shi. Bube na gona. Ɗanmaliki ya shiga da sallama yana shirin tsokana, don matar taubashi ita ma abokiyar wasa ce. Ya tarar da ita tsaye a tsakar gida, ba ta ba shi tabarma ba, ba ta ba shi ruwa ba.

"Wa yag gaya maka?" ta ce.

"Gaya mani mi, Yaya Hinde?"

Ta dube shi kamar mai auna hatsi. Sannan ta nuna masa igiyar shanya, inda tsohon bargon soja ke rataye, duk ya sha faci.

"Tun ranar da yad dawo, in hadari ya zaka da tsawa, hakanga shika yi. Shi faɗi ƙasa, shi toshe kunne, shi kira sunana. In ɗauko bargon ga in rufe shi, in danne shi da jikina har ta wuce. Ɗiyanmu ma ba su sani ba, da na ga gabas ta yi baƙi nika kora su ɗakin kakarsu. Kuna cewa ciwon ciki ka kama shi duk ranar da maharba za su buɗa bindiga gari. Ba ciwon ciki ba na. Ni ɗai da Allah mun san wanga abu. Sai ga shi na ji shi ga lasifika, da sunana, da kalmomin da shika faɗi."

Ɗanmaliki ya nemi turmi ya zauna a kai. "Wallahi tallahi ban sani ba. Bakina na kawai yaz zo da shi."

"Na so ka ce ka sani," in ji Hinde. "Da ka sani, da na samu wanda zan tsine ma."

Ta ce masa daren majigin da Bube ya shigo, ruwa ya sauka da tsawa, ta ɗauko bargo, amma ya cije ya ƙi kiranta. Ya kwana yana karkarwa shi kaɗai a bayan ƙofa, don kada wani a maƙwabta ya ji sunanta a bakinsa. Sannan ta sa Ɗanmaliki ya rantse ba zai taɓa bari Bube ya san ta faɗa ba. Ya rantse. Ya fito daga gidan bai san ta inda ya bi ya kai tasha ba.

A makon ne motar ta nufi Kebbe. Hanya duk ta jiƙe, suka kafe a laka suka fita, suka sake kafewa, Ɗanmaliki na turi yana tsara yadda zai gyara ɓarnarsa. A ganinsa abin da baki ya ɗaura, baki zai kwance. Akwai wani saje a fim ɗin da ke ɗaukar wanda aka harba a kafaɗa ya haye kogi da shi. Wannan zai kira Bube. Na ramin kuwa ya bar shi ba suna.

Ashe 'yan kasuwa sun riga shi isa da maganar. Ya lura tun da aka fara, mutanen Kebbe ba sa sauraronsa, jira suke yi. Da sajen ya shiga kogi ya ɗaga murya ya yi wa Kofur Bube na Tambuwal kirari har da na ƙarya, ba wanda ya motsa. Da harsashin igwa ya faɗo, ya yi maza ya ce, "Wanga wani baƙo na, ba mu san garinsu ba." Ko rufe baki bai yi ba fili gaba ɗaya ya ɗauka, maza da mata, da murya guda: "Hinde, rufe ni!" Mutanen da ba su taɓa ganin Bube ba, ba su san ko Hinde doguwa ce ko gajera ba.

Washegari a wani ƙauye Ɗanmaliki ya roƙi Sambo ya tsallake wurin ramin. Sambo ya ce fim kayan gwamnati ne, ba ya sa masa almakashi, amma ya yarda ya kifa hularsa a bakin injin har wurin ya wuce. Jama'a suka yi ca, har da masu jifan motar da hoge, sai da aka mayar baya aka nuna musu. A hanyar dawowa Sambo ya yi ta ƙunƙuni.

"Fim guda na maza da anka taɓa ba mu, ka maishe shi irin na akwatin Hedimasta. Yanzu ba mai kallon sajen ga da yak ƙetare kogi. Ramin ɗai suka jira."

Ɗanmaliki, da ba a taɓa barinsa da bashin magana ba, ya zauna yana kallon gonakin gero suna wucewa.

Da suka dawo Tambuwal ya ji Hedimasta na shirin karɓe faretin ya ba wani matashin malami, wai yara sun daina jin tsoron Kofur. Nan Ɗanmaliki ya ga abin da zai iya. Ya je ofishin Hedimasta ya yi roƙo irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce laifin nasa ne, shi zai shiga aji-aji ya ja wa yara kunne, a rufa wa dattijo asiri kada a raba shi da abu guda da yake da shi. Malam Abdulkarimu ba mugu ba ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Ya yarda. Ɗanmaliki ya shiga azuzuwa ya yi wa yara faɗa, suka saurare shi suna danne dariya, don ko fuskarsa suka gani dariya take ba su. Duk da haka abin ya ɗan lafa, ya fara jin numfashinsa na sauka.

Ana jibi biki Hedimasta ya tare shi a hanya yana murna. "Bana za mu yi shi awa na birni. In yara sun tsaya gaban tuta, maharba ukku za su buɗa bindiga sama a tare. Na riga na gaya ma manya, sun ji daɗi ƙwarai."

Ɗanmaliki ya ce, "Malam, a bar bindigar ga."

"Don mi?"

"Yara za su firgita."

"Ɗiyan Tambuwal? Waɗanda ka bin maharba daji?" Hedimasta ya yi dariya. "Ko bawanka kaka jin ma tsoro? Mutumin da yaj ji igwa Bama?"

Amsar tana bakinsa, amma faɗinta shi ne tona asirin da yake ƙoƙarin rufewa. Ya haɗiye ta. Ya je wurin maharban da goro ya roƙe su su ce albarushinsu ya jiƙe. Suka karɓi goron suka ce ba su iya ba manyan gari kunya. Ya koma wurin Hinde, ta ce ita in ta hana mijinta fita sai ya tambaye ta dalili, kuma tun da suke bai taɓa yarda an yi zancen abin da rana ba, ko tsakaninsu su biyu. Saura Bube kansa.

Ya same shi a gona yana girbin gero, rana ta take. Ya tsaya a bakin kunya, ya rasa ta inda zai fara, don tun da ya yi wayo bai taɓa gaya wa mutumin nan magana guda ta hankali ba.

"Yaya Bube," ya ce.

Bube ya ɗago. "Yau kuma ni a yaya? Mi kaka so, bawana, gero ko ɗiya?"

"Bana ka bar faretin ga. Ka ce ba ka da lafiya. Bindiga za a harba bayanka."

Hannun Bube ya tsaya a kan zangarniya, ɗan lokaci kaɗan. Sai ya yi dariya. "Sabon wasa na kaz zo da shi? Kai shi ga makirfonka."

"Ba wasa nika yi ba."

"Ni da kai akwai abin da ba wasa ba?"

Suka dubi juna. Ɗanmaliki ya so ya durƙusa, ya so Bube ya zage shi zagin gaske, ko ya ɗaga hannu ya mare shi, ko ya kai shi ƙara wurin dangi. Ba ko ɗaya da zai yiwu. Taubashi ba ya fushi, in ya yi kuwa gari zai tambayi abin da ya sosa masa rai haka. Da wasan ya sare shi, wasan kuma ya hana a duba ciwon.

Bube ya koma girbinsa. Bai ɗago ba ya ce, "In ban fito ba bana, ai maganarka ta tabbata." Sannan ya nuna wani dami da haɓa. "Ɗauki wancan ka kai mani gida. Bawa shi ka ɗaukar kaya."

Ɗanmaliki ya ɗauki damin a ka, da babbar rigarsa da komai, ya ratsa gari da shi. Mutane suka yi ta dariya, wai yau ubangida ya kama bawansa.

Ranar biki gari ya waye garau. Filin makaranta ya cika tun hantsi, manya a rumfa, mata daga gefe ƙarƙashin itatuwa, tuta kore da fari tana bisa sanda. An ja motar majigi kusa da rumfa don lasifikarta, Ɗanmaliki ne mai sanarwa. Ya hango Hinde can cikin mata, ta rungume wani abu a ƙarƙashin mayafi, kuma ya san ko mene ne. Ya hango maharban uku a bayan layi suna ɗura bindigoginsu.

Bube ya shigo da yaransa. Kakin ya sha guga, lambobin na walƙiya, ƙafafu na sauka tare kamar ƙafar mutum guda. Bai taɓa yin faretin da ya kai na ranar kyau ba. Manya suka miƙe. Ya kawo layin gaban tuta, ya daka "Tanshan!" yara suka ƙame, ba wanda ya yi ko tari. Ya ɗaga hannu ya sara. Ɗanmaliki na ganin jijiyar wuyansa daga inda yake, yana ganin yadda ya cije yana jira. Ya fara yi masa addu'a a zuci, ya Allah ka riƙe masa ƙafafunsa, ko na wannan ɗan lokacin.

Bindigogin suka tashi tare.

Kofur Bube ya zube. Hularsa ta gangara gefe, ya dunƙule a ƙasa, hannu biyu a kunne, ƙafafunsa na karkarwa, bakinsa a buɗe. Bai kira kowa ba. Jama'a ne suka kira masa. Fili ya ɗauka kamar ranar Kebbe, "Hinde, rufe ni!" yara na tsalle, manya na share hawaye. Hedimasta na dukan gwiwa yana nuna Ɗanmaliki da yatsa. "Ashe shirya shi kunka yi, 'yan banza! Wallahi ko Kaduna ban ga wanda yak kai shi ba!"

Sun ɗauka wasa ne. Sun ɗauka Kofur ya nuna shi taubashi ne na ƙwarai, ya karɓi tsokanar ya mayar da ita abin nishaɗin biki. Amma dariya tana da iyaka, kuma ba wanda ya fi Ɗanmaliki sanin tsawonta. Ya ji ta fara sirancewa daga gefen rumfa. Bube bai tashi ba. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, lafiya dai?" Ɗanmaliki ya dubi Hinde. Ta yi taku ɗaya ta tsaya, don in ta fito da bargon nan gaban jama'a, kowa zai gane ba yau aka fara ba. Ba ta iya zuwa, ba ta iya komawa. In fili ya yi shiru, Bube ya ƙare a garin nan.

Ɗanmaliki ya kai makirfo baki, ya matse murya ta koma ta mace. "Ga ni nan tafe, Kofur! Bari in sauke tukunya, kar tuwo shi ƙone!" Ya ajiye makirfon, ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa ta a ka kamar mayafi, ya ratsa filin yana karairaya yana tafa hannu. Dariyar ta dawo ta fi ta farko. Ya durƙusa, ya baza rigar ya rufe Bube tun daga kai har ƙafa, ya kwanta a kansa ya danne shi da jikinsa, yadda Hinde ta ce tana yi.

Jikin da ke ƙarƙashinsa na rawa kamar injin Sambo. Sai wari ya bugi hancinsa. Kakin da Hinde ta goge ya jiƙe, ƙasar wurin ta yi duhu. Ya tuna maganar rumfar mai shayi, da amsar da ya bayar, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ƙara jan rigar ya rufe wurin. Can baya Hedimasta ya ɗauki makirfo yana shelar cewa baɗi ma sai an sake wannan wasa, kowace shekara sai an yi shi, jama'a na tafi.

Daga ƙarƙashin rigar wata 'yar murya ta fito.

"Hamidu."

Bai taɓa kiransa da sunan ba.

"Na'am, Yaya."

"Suna dariya?"

"Suna yi."

Haƙoran Bube na haɗuwa, da ƙyar maganar ta fita. "To kak ka bari su daina."

Ɗanmaliki ya ɗago kai ya dubi filin. Ya sake matse murya ya fara yi wa maharba masifa irin ta mata, yana cewa sun tada mata miji da ko karin kumallo bai yi ba. Hawaye na zuba a fuskarsa har cikin baki. Mutane suka riƙa nuna shi suna cewa ku dubi Ɗanmaliki, yau shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa.